Wa Zai Taka wa Direbobin Zuru Birki?

Duk ɗalibin da ya taɓa komawa gida Zuru hutu a motar haya ya san yadda tafiyar take. Tun daga tasha za a cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba, a loda buhuna a but har murfinsa ya ƙi rufuwa sai an ɗaure shi da igiya. A hutun da ya wuce mu huɗu muka shiga irin wannan mota daga Kwantagora, tare da wani ɗan tireda da wata dattijuwa mai riƙe da jikanta a cinya. Direban yaro ne, da wuya in ya girme mu. A hanya an tsayar da mu a shinge ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma a ko'ina abin da ya gudana iri ɗaya ne: a leƙo, a gaisa, hannu ya taɓa hannu, a ɗage itace. Ba wanda ya ƙirga mu, ba wanda ya dubi tayoyin da suka suɗe kamar tafin hannu. Da muka wuce Rijau sai direba ya ƙure maleji, kuma da wannan gudun ya shigo gefen garin Zuru, daidai lokacin da yara suke tasowa daga makarantar yamma. Dattijuwar nan ta ce masa, "Ɗan nan, sassauta mana, ai mun iso." Ya ce, "Iya, ke dai ki yi ta addu'a." Bai rufe baki ba sai ga wata yarinya da farantin gyaɗa a ka ta sako ƙafa bisa kwalta. Ya take birki, mota ta yi ta ja da ƙara, ta karkace, sannan ta tsaya. Faranti ya tafi, gyaɗa ta watse, yarinyar kuwa Allah ya yi da sauran kwananta, domin abin da ya raba ta da bamba bai kai kamu ɗaya ba.

Abin da ya biyo baya shi ya sa muka kawo wannan labari. Direba ya leƙa ta taga ya zazzagi yarinyar, 'yan kallo suka ce Allah ya kiyaye gaba, aka tsince mata gyaɗarta, muka wuce. Mu huɗun nan masu karatun jami'a, waɗanda a zauren taro ba a iya ƙwace lasifika daga hannunmu in ana zancen kuɗin makaranta ko halin da ƙasa take ciki, ko uffan ba mu ce ba tun daga Rijau har muka sauka. Tsohuwa, wadda ba mu zaton ta taɓa zama a aji, ita kaɗai ta buɗe baki. Wannan kunya ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin mu tambayi hukuma, mu kuma tambayi kanmu, wa yake da alhakin rage gudun motoci da babura a cikin garin nan.

Zuru ba ta kai girman Sakkwato ko Birnin Kebbi ba, amma ita ce cibiyar masarauta mai ƙananan hukumomi huɗu, watau Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba. Wanda ya fito daga Riba ko Wasagu ko Bena, da wanda ya taso daga Mahuta ko Dirin Daji, da mai shigowa daga jihar Neja ta Rijau, duk nan suke haɗuwa, kowa da bukatarsa ta asibiti ko banki ko kasuwa. Hanyar da take babbar hanya a daji, ita ce kuma take zama titin unguwa da ta shigo gari. A kanta mai baro yake tura kayansa, a bakinta mai ƙosai take kafa kasko, ita 'yan makaranta suke tsallakawa safe da yamma, ita kuma tirela mai ɗauke da dawa take bi. Daɗin daɗawa, tun da aka mai da Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta zama jami'ar tarayya a 2020 matasa sun ƙaru a garin, sannan ga ɗimbin iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka. Yaron da ya tashi a ƙauyen da mota ba ta ratsa shi sai ranar kasuwa bai san yadda ake auna nisan mota da ido ba. Shi ne yau yake talla a bakin kwalta.

Dokar hanya ta ƙasar nan ba ta bar kowa cikin duhu ba. A cikin gari kilomita 50 a sa'a ita ce iyaka ga ƙaramar mota da tasi da bas da babur, tirela da tanka kuwa 45. A babbar hanya ta daji ƙaramar mota da bas suna iya kai wa 80, babur kuwa yana nan a 50 ɗinsa. Waɗannan lambobi ba da ka aka yanka su ba, kuma duk wanda ya yi lissafin sakandare zai iya gwada su da kansa. Motar da take gudun 50 tana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Direba mai lafiya, wanda ba barci a idonsa, yana bukatar kamar sakan guda tsakanin ganin yaro da taka birki, watau mita 14 sun tafi kafin ƙafarsa ta motsa. Bayan ya taka, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, motar za ta ƙara cin wajen mita 14 kafin ta tsaya cak. Jimla kusan mita 28. To, a ɗauki wanda yake gudun 80. Shi mita 22 zai ci kafin ya taɓa birki, sannan wajen 35 bayan ya taka, domin in gudu ya ninka biyu jan birki huɗu yake ninkawa. Ma'ana, a daidai wurin da mai gudun 50 ya riga ya tsaya yaro ya wuce lafiya, mai gudun 80 zai iske yaron da gudun da ya haura 70. Wanda kuwa yake tafiya a 30, cikin mita 13 ya gama tsayawa. Wannan lissafi fa na mota ce mai lafiya. Tamu ta ranar nan, mai suɗaɗɗun tayoyi da lodin da ya fi ƙarfinta, sai a ƙara mata.

Me ake samu a madadin wannan kasada? A ce direba zai ratsa kilomita huɗu na cikin gari. In ya tafi a 50 zai yi minti biyar ba kaɗan, in ya tafi a 80 zai yi minti uku. Ribar ba ta kai minti biyu ba, lokacin da bai isa a sha kofin shayi ba, kuma shi direban nan da ya sauke fasinja zai zauna a benci a tasha ya yi sa'a guda yana jiran layi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, watau mu da ƙannenmu. Nahiyar Afirka, wadda ta fi kowace ƙarancin motoci, ita ta fi kowace yawan mace-mace in aka auna da yawan jama'a.

Ba za mu ce gwamnatocin ƙasar nan ba su taɓa motsawa ba. Iyayenmu suna ba mu labarin ranar 2 ga Afrilu 1972, ranar da Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. An yi watanni ana shela a rediyo da tashoshi da makarantu, kuma da ranar ta zo direban da bai iya karanta ko harafi ɗaya ba ya sauya al'adar da ya shekara ashirin a kanta. Wannan kaɗai ya isa ya ƙaryata masu cewa direban Nijeriya ba ya koyuwa. Da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata a 1975, babura da motoci suka cika tituna, gawarwaki suka cika asibitoci, har aka kai ga kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa a 1988 zamanin mulkin Janar Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. A watan Fabrairun 2017 hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Duk da haka, alƙaluman da ita kanta ta fitar sun nuna mutum 5,421 ne suka mutu a hanyoyin ƙasar nan a 2024, kuma shekara da shekaru gudun wuce sa'a take ambata a sahun farko na dalilai. Waɗannan fa su ne waɗanda labarinsu ya kai ofis. Wanda babur ya buge a hanyar gona, aka kai shi wurin mai ɗori, ya cika bayan kwana uku, ba ya cikin littafin kowa.

A namu ganin, babban kuskuren yana cikin irin aikin da aka ɗora wa masu tsaron hanya. Shinge ba ya kama gudu. Motar da ta iso shinge ta riga ta tsaya, saboda haka abin da za a iya dubawa shi ne takarda: lasin, inshora, lambar mota. Takarda kuwa ba ta taɓa karya ƙafar kowa ba. Direba yana iya cika kowace takarda ya kuma zama makashi, yana iya rasa guda ɗaya ya kuma zama mai natsuwa. Abin da ya fi muni, direban da aka ɓata wa minti biyar da 'yan kuɗinsa a shinge, da an ɗage masa itace sai ya huce a kan totur domin ya mai da lokacin da ya rasa, sai ka ga shingen da aka kafa da sunan tsaro ya zama sanadin ƙarin gudu. Mu dai a iya zirga-zirgarmu tsakanin makaranta da gida ba mu taɓa ganin an tsayar da wata mota an ce da direbanta gudunka ya yi yawa ba. Ba kuwa muna zargin kowane mai kaki ba ne. Mun san akwai masu tsayuwa cikin rana da ƙura bisa gaskiya, waɗanda su ne suke fara zuwa su zaro mutane daga cikin ƙarfe in an yi haɗari. Amma wanda aka tura aiki ba na'urar auna gudu, ba man sintiri, me zai yi in ba duban takarda ba?

Sai kuma batun tara. Dokar hukumar ta 2007 ta yanka naira 3,000 a kan wanda ya wuce iyakar gudu. A wancan lokaci wannan kuɗi yana sayen fetur fiye da lita 40. Zuwa ƙarshen 2024, da lita ta haura naira dubu, ko lita uku ba ya cikawa. Wasu za su ce to a ninka tarar sau goma, ko sau talatin. Ba mu ƙi a gyara ta ba, amma mai karatu ya lura da abu ɗaya: tara mai nauyi wadda ba a cika yanke ta ba, amfaninta kawai ta ɗaga farashin na goro. In takardar tara ta ce dubu hamsin, sasantawa a bakin hanya za ta tashi daga ɗari biyar ta koma dubu biyar, gudu kuwa yana nan inda yake. Abin da yake gyara direba shi ne ya tabbata a ransa cewa in ya yi za a gan shi, in an gan shi kuma ba wanda zai cece shi, ko da tarar ba ta taka kara ta karya ba.

A nan ne ƙaramin gari yake da ciwon da babban birni ba shi da shi. Akwai wani ɗan tsibiri a tekun Atlantika mai suna Bamuda, ƙarƙashin Ingila, wanda duk faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 54 ba, kuma baƙi masu yawon buɗe ido suna cikin abin da yake riƙe da arzikinsa. Sai a 1946 aka yarda mutanensa su mallaki motocin hawa, kuma da aka yarda sai aka gindaya sharuɗɗa: gida ɗaya mota ɗaya, iyakar gudu kilomita 35 a sa'a a duk tsibirin, baƙo kuwa an shafe shekaru masu yawa ba a ba shi hayar mota sai dai ɗan babur. Sun auna ƙasarsu, suka ga titunansu matsattsu ne masu kwana-kwana, suka yanka doka daidai wuyansu. Duk da haka har yau mutanen tsibirin ba su daina kuka da masu sheƙa gudu a kan babura ba, abin da yake nuna lamba a jikin allo ita kaɗai ba ta tsayar da kowa. Mun kawo zancen Bamuda ne domin Zuru ma tsibiri ce a tudu, duwatsu sun kewaye ta, rashin tsaro ya ƙara taƙaita mashigarta, kuma kowa ya san kowa. Da an kama yaro yana wasa da babur a bakin kasuwa, kafin a kai shi ofis waya ta riga shi isa. Ɗan wane ne, ƙanen matar wane ne, ubansa ya yi soja tare da wane. Ma'aikacin da ya dage sai ya wayi gari shi ne mara mutunci a unguwa, ba mai amsa gaisuwarsa a wurin biki. Zumuncin da muke alfahari da shi, wanda shi yake ciyar da maraya ya biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, shi ne kuma yake kwance wa mai tuƙin ganganci igiya. Kuma mu faɗi gaskiya, wace ce a cikinmu ko wane ne bai taɓa buga irin wannan waya ba, ko ya sa a buga masa?

Abin ya fi ƙamari lokacin da gari ya cika. In bikin Uhola ya zo, ko Kirsimeti, ko Salla, 'ya'yan masarautar nan sukan dawo daga Legas da Kaduna da Abuja da barikokin soja na ko'ina, ga baƙi masu zuwa kallon rawa da kokawa da kayan tarihi. Kowa ya zo da motarsa, da yawa kuma sun zo ne a ga motar. Wanda ya saba da tagwayen hanyoyin Abuja sai ya manta cewa titin da yake kai yanzu awaki ma suna da rabo a cikinsa. Ga rakiyar amarya, inda samari suke jera babura suna tashi tsaye a kai, suna karkata mota har taya ta yi hayaƙi, wai murna suke taya ango. Ga kuma ayarin manya da jiniya, masu ratsa kasuwa kamar an biyo su. Yaron da ya ga motar mai girma ta keta jama'a da gudu ɗari, masu kaki suna sara mata, wace nasiha za a yi masa gobe ya ji? Ƙasar Zuru ta yi suna a Nijeriya wajen aikin soja. Ita ta haifi Janar Ishaya Bamaiyi da ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarki Muhammadu Sani Sami wanda ya yi gwamnan soja a jihar Bauci kafin ya hau gadon sarauta. Da wuya ka sami zuri'ar da ba ta da tsohon soja. Abin mamaki ne a ce garin da ya san horo da bin oda haka, titinsa ya zama inda ba a bin odar kowa.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ba adalci ba ne mu ɗora wa direba da ɗan kabu-kabu dukan laifi. Yawancinsu abin hawan ba nasu ba ne. Akwai balas da za su kai wa mai shi kowace yamma, ko an samu ko ba a samu ba, ga kuɗin tasha, ga na shinge, ga fetur da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafi a ƙarshen Mayun 2023. Mutumin da abincin gidansa ya rataya a kan yawan sawun da ya yi, an riga an saya masa gudu tun kafin ya tada inji. Mu fasinja kuma mu ne muke zuga shi. Mu ne muke cewa wane direba ne, yana taka mota, wane kuwa tsoho ne, in ka shiga motarsa sai ka kwana a hanya. Akwai kuma hujjar da ta fi waɗannan nauyi, wadda duk wanda ya san ƙasar nan ba zai yi mata dariya ba. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai fiye da sittin a yankin Sakaba, a Nuwamban 2025 kuma aka sace 'yan mata daga makarantarsu a Maga. Direban da ya ce ba zai yi tafiyar hawainiya a dajin da ake tare mutane ba, kuma dole ya shiga gari kafin magariba, ba ƙarya yake yi ba. Mun karɓi wannan uzuri a daji, ko da yake can ma tayar da ta fashe a gudu 120 ba ta tambayar dalili. Abin da ba mu karɓa ba shi ne a shigo da gudun daji cikin gari. Ba ɗan bindigar da yake bin kowa a ƙofar makarantar firamare da rana tsaka.

Wani abin da ya kamata a yi tunaninsa tun da wuri shi ne gyaran hanya. Mutanen masarautar nan sun shafe shekaru suna kuka a kan hanyar Koko zuwa Mahuta zuwa Dabai, har gwamnatin jihar Kebbi a zamanin Gwamna Nasir Idris ta ɗauki aikin sake gina ta. Abin a yaba ne. Sai dai ramukan da muke zagi su ne suka daɗe suna yi mana aikin ɗan sanda ba albashi. Ramuka suna kashe mota, sumul ɗin kwalta kuwa in ba a yi mata linzami ba mutane take kashewa. Duk ƙauyen da sabuwar hanya ta ratsa tsakiyarsa yana bukatar abin rage gudu da alama da wurin tsallakawa tun ranar da aka buɗe ta, kada a jira sai an yi jana'iza matasa sun fusata sun tare hanya da duwatsu da kututture.

Za a ce mana ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Ba mu ja da ƙaddara ba. Amma ba mu taɓa jin limami a masallaci ko fasto a coci ya ce wanda ya yi sakaci da ran wani ba shi da alhaki ba. Mutumin da yake kulle shagonsa da kwaɗo biyu, ya ɗaure akuyarsa da dare, bai bar dukiyarsa ga ƙaddara ba, sai ran ɗan maƙwabci ne zai bar mata? Kalmar haƙuri da iyayen mamaci suke furtawa alheri ce daga gare su, bai kamata ta zama lasin da za a miƙa wa direba ya koma kan sitiyari washegari ba.

Ba kuma bulala muke kira a ɗauko ba. An gwada ta a 1984 lokacin yaƙi da rashin ɗa'a, mutane suka bi layi muddin soja yana tsaye, da ya juya baya aka koma gidan jiya. An tilasta hular kwano a farkon 2009 ba tare da an shawo kan masu babura ba, har aka ga wasu sun kifa ƙwarya a ka. Abin da muke nema ya fi wannan sauƙi, kuma yawancinsa ba sai an je Abuja ba. Tsarin mulkin 1999 ya sa tashoshin mota da titunan cikin gari da fitilunsu a hannun ƙaramar hukuma, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, majalisar ƙaramar hukumar Zuru ta zauna da masarauta da injiniyoyin ma'aikatar ayyuka, a ware wuraren da mutane suka fi cuɗanya da motoci, bakin kasuwa da ƙofofin makarantu da asibiti da tasha da mashigar jami'a, a mai da iyakar gudu 30 a wurin. Wannan ba sabon abu ba ne, shi ne abin da taron ministocin duniya kan kiyaye haɗura ya amince da shi a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 2020. Kuma kada a tsaya ga allo. A gina tudun rage gudu na ƙa'ida, mai faɗi, mai fenti, wanda ake hangowa da dare, ba irin wanda 'yan unguwa suke yi da siminti cikin fushi ba, mai kaifi kamar kunyar doya, wanda yake kayar da mai babur ya fasa wa mota ciki. Tudu ba ya karɓar na goro, ba ya kuma sanin ɗan wane.

Game da motocin haya, maganin yana tasha. Shugabannin ƙungiyar direbobi sun fi kowane jami'i sanin wanda yake shan ƙwaya kafin ya tashi da wanda ya yi sawu uku bai runtsa ba, kuma hukuncinsu ya fi na kotu saurin ciwo, domin direban da aka cire daga layi kwana uku ya ji a jikinsa. Ga wata dabara da ba ta bukatar na'ura: a rubuta lokacin da mota ta tashi daga Kwantagora ko Koko a jikin takardar fasinja, a duba lokacin da ta iso Zuru. Direbobi da kansu su zauna su yanke mafi ƙarancin lokacin da tafiyar za ta ci in an bi doka. Wanda ya iso kafin wannan lokaci ya kawo shaidar laifinsa da hannunsa. Masu babura da suke ba da haya su ma a kira su, domin wanda ya yanka wa yaro balas ɗin da ba ya samuwa sai da gudu yana da kaso a cikin duk abin da ya faru. Lokacin Uhola kuwa, kwamitin biki ya rufe titunan da suke kewaye da filin taro ga motoci, na talaka da na mai jiniya, kowa ya ajiye a waje ya taka da ƙafa.

Saura mu. Hukumar Kiyaye Haɗura tana da tsarin 'yan sa-kai na farar hula masu taimaka mata, tana kuma kafa ƙungiyoyi a makarantu, ba abin da ya hana ɗaliban masarautar nan shiga. Kafin wannan ma akwai aikin da ba mai yi sai mu. Duk lokacin da aka je wa hukuma da kuka sai ta ce ina shaida, to mu samo mata. A auna mita 100 a bakin titi, a sa alama a farko da ƙarshe, mutum ɗaya ya riƙe agogon waya, ɗaya ya riƙe littafi. Motar da take tafiya a 50 tana cinye wannan tazara cikin sakan bakwai da ɗan ɗoriya, mai gudun 80 kuwa cikin huɗu da rabi. Duk wadda ta wuce cikin ƙasa da sakan bakwai ta karya doka. A yi haka mako biyu a wurare huɗu ko biyar, safe da lokacin tashin makaranta da ranar kasuwa, a rubuta irin abin hawan, na haya ne ko na gida ko na gwamnati, ba tare da an tare kowa ko an yi cacar baki da kowa ba. In an gama a tattara, a kai kwafe ga shugaban ƙaramar hukuma, da fadar Mai Martaba, da ofishin kiyaye haɗura, da shugabannin tasha, mu kuma za mu nemi a buga sakamakon a wannan mujalla. Mu huɗun da muka yi shiru a motar nan mun riga mun rubuta sunayenmu, mun kuma ɗauki mashigar gari ta hanyar Rijau. Ana neman waɗanda za su tsaya a hanyar Dabai da ta Riba a hutu mai zuwa.